Minti Hamsin a Ɗakin Likita Jolán

"Ɗan ɗaga ƙafarki, Goggo, awo kawai za mu yi."

Da wannan maganar na tarar da Ottó lokacin da na tura ƙofa da kafaɗa, kwanon romon kaza a hannuna. Yana durƙushe a gindin doguwar kujerar da Likita Jolán take kwance a kai, ya riƙe bakin igiyar awo, wata mata mai tabarau da gajeren gashi ta riƙe ɗaya bakin. Tsohuwa da ranta, idonta biyu, ana auna abin da take kwance a kai.

"Ottó," na ce, "kujerar kake aunawa ko akwatin gawa?"

"Ina sumbatar hannu, Inna Piroska," ya ce, gaisuwar girmamawa ta garinmu, ko ɗagowa bai yi ba. "Bakin nan naki dai ba ya hutu."

"Ƙyale shi, Piroska," in ji Likita, muryarta na fita da wannan ƙaramin fito da ƙirjinta ya koma yi tun farkon sanyi. "Tun yana ɗan mitsitsi yake son auna abin da ba nasa ba."

Ottó ɗan ƙaninta ne, shi kaɗai ya rage mata a dangi. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, sai dai mutum ne mai son a gama komai kafin ƙarfe biyu. Matar kuma sunanta Malama Berta, daga wani ƙaramin gidan tarihi da ke shirya nuni a kan tsofaffin likitocin Budapest masu warkar da mutum da sauraro, aikin da su suke kira analizis. Ranar Litinin ce. Ottó ya riga ya tsara cewa ranar Alhamis da ƙarfe biyu motar asibiti za ta zo ta ɗauki goggonsa, bayanta kuma motar kaya ta kwashi ɗakin. Likita da kanta ta sa hannu a takardar kyautar kayan ga gidan tarihin, ba wanda ya tilasta ta.

Na ajiye romon na tsaya a ƙofar kicin ina goge cokali, Malama Berta na bin ɗakin tana rubutawa. Kujerar da jar dardumar da aka lulluɓe ta da ita. Kujerar zama mai hannu da ke bayan kan mai kwanciya. Agogon tebur. Hoton tsohon nan na Vienna mai gemu da ya ƙirƙiro aikin nasu, wanda na yi shekaru ina goge wa ƙura yana hararata. Sai 'yan gumakan da ke jere a kan tebur, guda goma sha ɗaya, na yumɓu da na tagulla, wani da kan kare, wata ba hannu. Duk na malaminta ne, Likita Ármin, wanda aka tafi da shi lokacin yaƙi, a shekarar arba'in da huɗu, bai dawo ba. Malama Berta ta ɗauki marar hannun tana numfashi sama-sama kamar ta ga ɗan'uwanta da ya ɓace.

"Saura zane-zanen marasa lafiyar, Likita," ta ce. "In ba damuwa."

Likita ta zaro mabuɗin da ke rataye a wuyanta ta miƙa wa Ottó. Ya buɗe kabad ya fito da wata jakar kwali mai igiya, baƙa, ta kumbura da takardu. Ban taɓa ganin jakar ba, amma ina ganinta na daina goge cokalin.

"Babu suna a jikin ko ɗaya," in ji Likita. "Kuma ba za ki ji suna daga bakina ba."

"Haba, Likita, mun san ƙa'ida."

Ta riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya tana kaɗa kai. Can sai ta tsaya.

"Wayyo, duba wannan, Malam Ottó. Mace a baranda, ta miƙa jariri ta bayan ƙarfe. Tsigar jikina ta tashi. Wannan za mu buga a fosta, a manna a gari duka."

Ottó ya leƙa ta kafaɗarta. "Kai! Ai wannan kamar ƙarfen barandar gidan nan ne. Ga ma tsuntsayen da aka lanƙwasa a jiki. Ga lambar ƙofa can, sha huɗu ce ko sha tara?"

Cokalin ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti. Duk suka juyo, ban da Likita, wadda idonta ke kan rufi.

"A rufe," ta ce. "Na gaji. Sai Alhamis."

Ottó ya mayar da jakar ya kulle, ta karɓi mabuɗinta ta tura cikin riga. Ni kuwa na sunkuya neman cokalin da ke gaban ƙafata, na daɗe ina nema.

Gara in faɗa tun yanzu, ni na yi zanen. Lambar sha huɗu ce, ƙofata, wadda ke kallon ta Likita daga ɗaya gefen tsakar gida, a hawa na uku.

A bazarar shekarar hamsin da takwas na haifi 'yata Anikó. Sati uku da haihuwa, na fito da ita baranda don ta sha iska, sai wani abu ya ce mini a zuciya: sake ta. Ba murya ba ce, ba aljani ba ne, ni ce. Na koma ɗaki a guje na kulle ƙofa. Washegari ya sake zuwa, jibi ma haka. Na daina fita, na daina ɗaukarta sai a zaune a ƙasa, nono ya ƙafe. Mijina Bandi, Allah ya ji ƙansa, yana dawowa daga masana'antar jiragen ruwa ya ce lalaci ne, surukata ta ce shagwaɓar 'yan matan zamani ce. Wa zan faɗa wa? Uwar da ta faɗi wannan maganar a wancan lokacin, ɗaure ta ake yi a kai ta gidan mahaukata da ba a dawowa, a ba wata 'yar.

Likita Jolán ce ta gamu da ni a matattakala wata safiya, ina bin bango da hannu biyu, jaririyar a ɗaure tam a ƙirjina. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Zo ki yi mini guga ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya." Ba guga ba ne. A shekarun nan gwamnati ba ta son jin sunan aikinta, allon ƙofarta ma darasin Jamusanci ya ce. Ta kwantar da ni a kan jar dardumar, ta zauna a bayan kaina inda ba na ganinta, ta ce in faɗi duk abin da ya zo mini. Ni da unguwa ta sani da surutu, na yi wata huɗu ban ce uffan ba. Minti hamsin, ni shiru ita shiru, sai ta ce, "Lokaci ya yi." Rannan ta ajiye mini takarda da fensir masu launi. Abin da bakina ya ƙi faɗa, hannuna ya faɗa. Bayan nan magana ta ɓalle, na yi shekara biyu ina zuwa guga, har Bandi ya ce matar nan kayanta ba sa ƙarewa. Na warke, na bar takardar a can, ban ƙara tambaya ba.

Likita tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta fi mata addini. Abin da aka faɗa a kan kujera, a kan kujera yake zama. Daga ka fito ƙofar nan ba ta san komai a kanka ba, kuma ba za ta taɓa tayar da maganar ba sai kai ka tayar. Shekara ashirin da tara muna gaisawa a baranda, ta ara mini gishiri na ara mata tsani, ta zo bikin Anikó ta ci kek, ta zo jana'izar Bandi ta riƙe hannuna. Ko da ido ba ta taɓa nuna mini ta tuna ba. Da, wannan shirun nata shi ne rufin asirina, ina gode wa Allah da shi. A satin nan kuwa shi ne ya zame mini ƙashin kifi a wuya.

Ranar Talata Anikó ta zo, da cikinta wata takwas, tana haki daga hawan bene. Na ga ta tsaya a baranda ta jingina da ƙarfen tana hutawa, sai na yi maza na buɗe ƙofa.

"Shigo ciki mana, ke ba kya jin sanyi?"

"Mama, bari in numfasa. Wannan benen naku sai ya sa mutum ya haihu a hanya."

Na zuba mata shayi da lemon tsami, na yanka mata burodi da man alade da albasa yadda take so tun tana ƙarama. Tana ci tana labari. Ta gamu da Ottó a ƙasa, ya yi mata alkawarin katin gayyata biyu na ranar buɗe nunin.

"Zan kai ki, Mama. Ki sa shuɗiyar rigar nan. Ya ce akwai wani zane da za mu sha mamaki, wai mu 'yan gidan nan musamman."

"Ni me ya haɗa ni da zanen mahaukata? Ci abincinki."

"Kai, Mama! Ke da kika fi kowa son Inna Jolán."

Ta kama juya cokali a kofi. Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Mama, da kika haife ni, kin ji tsoro?"

"Tsoron me? Haihuwa ce kaza ma tana yi."

"Haka ne," ta ce, ta yi 'yar dariya, ta shafa cikinta.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na tashi na kama wanke kwanon da yake a wanke. A raina ina ganin fostar a jikin kowane bango daga nan har bakin kogi, a tashar jirgi, a ƙofar kasuwar Lehel, da 'yata tsaye a gabanta da jariri a hannu tana karanta lambar ƙofar gidan da ta girma. Ba ta da wauta. Gidan nan a shekarun can, jariri ɗaya aka haifa a hawa na uku.

Laraba da safe na je yi wa Likita wanka da tsumma, kamar yadda nake yi tun da ta daina tashi. Ta ƙi gadonta tun watan jiya, ta ce kujerar ta fi kusa da murhu. Na ƙara kwal a murhun tangaran, na kawo ruwan ɗumi a kwano, na fara da hannuwanta, waɗanda suka koma fata da jijiya.

"Likita," na ce, "takardun nan."

"Waɗanne?"

"Na cikin jakar."

"Me ya same su?"

"Ba ki ganin... mutane za su gani?"

"Don a gani aka karɓa. Akwai 'yan likitoci matasa da ba su taɓa ganin yadda tsoro yake a takarda ba. Babu suna."

Sai ta yi shiru ta zuba mini ido. Na san shirun nan, ƙofa ce ta buɗe mini tana jira in shiga. Kalmomi uku kawai ake bukata. Na matse tsumman a kwano.

"Romon jiya bai yi gishiri ba?" na ce.

"Daidai ne," ta ce, ta rufe ido.

Haushin kaina ya kama ni, haushinta ya fi. Ita ta san nawa ne, ta san na sani, ta ji cokalin ya faɗi. Me zai rage mata in ta ce, Piroska, ɗauki abinki? Mace tana bakin kabari tana riƙe da ƙa'ida kamar za a tambaye ta a can. Na ci gaba da goge mata wuya ina tafasa a ciki, sai ga igiyar mabuɗin a ƙarƙashin yatsuna. Numfashinta ya yi nauyi, fiton ƙirjinta na fita a jere, na ce ta yi barci. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, na fara jan igiyar a hankali, har mabuɗin ya leƙo daga wuyan riga.

"Ruwan ya huce, Piroska," ta ce, idonta a rufe.

Na saki igiyar kamar na taɓa garwashi. Na ɗauki kwanon na fita kicin, na tsaya gaban famfo, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da na dawo ba ta ce komai ba, ta nemi in taje mata gashi.

Alhamis ta waye da hazo a kan rufin gidaje. Ottó ya leƙo da sassafe ya ajiye kwalaye da tsofaffin jaridu na naɗe gumaka, ya ce zai dawo ƙarfe ɗaya da Malama Berta. Na haɗa mata 'yar jakar asibiti: rigar barci biyu, silifa, tabarau, matajin kai. Na dama mata kunun alkama da madara na kawo, ta kawar da kai. Ina tsaye da kwanon a tsakiyar ɗaki, ga kwalaye, ga kabad a kulle, ga agogo na tafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Likita, zanena!" Muryar da ta fito ba tawa ba ce. "Nawa ne, kin sani. Anikó za ta gani."

Ta buɗe ido. Na rantse na ga kamar murmushi a gefen bakinta.

"Ba a wannan maganar a tsaye da kwano a hannu," ta ce. "Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya saura kwata."

"To, awarki ta kusa. Ɗaga ni."

"In ɗaga ki zuwa ina?"

"Kujerata. Ke ki kwanta nan."

"Kin haukace ne, Likita?"

"Shekara hamsin ina aikin nan ban taɓa ce wa kowa haka ba, ke ga shi kin ce mini a kyauta. Ɗaga ni, 'yar nan, ba ni da numfashin gardama."

"Ki ba ni mabuɗin kawai in ɗauki abina, mu rabu lafiya. Sati biyar ba ki zauna ba, in kika faɗi me zan ce wa Ottó?"

"Ki ce masa ya auna."

Na ɗauke ta. Ba ta fi nauyin kwandon wanki ba. Na zaunar da ita a kujerar mai hannu, na tokare ta da matasai hagu da dama, na rufe mata gwiwa da bargo. Kanta ya yi baya, ta daɗe tana kokawa da numfashi, ni ina tsaye ina zagin kaina. Da ta samu kanta ta zaro mabuɗin ta ce in kawo jakar in ɗora mata a cinya, da fensir daga tebur, in juya agogon ya fuskance ta. Na yi. Hannuna na kan jakar, ban buɗe ba.

"Kwanta," ta ce.

Na cire takalma na kwanta a wurin da ta tashi, da sauran ɗumin jikinta. Dardumar na nan da ƙaiƙayinta a bayan wuya. Ni tsohuwa mai shekara hamsin da huɗu, da rigar girki a jiki, na harɗe hannu a ciki kamar yarinya.

"Ina jin ki," ta ce daga bayana.

Da faɗa na fara. Na ce ta ci amanata. Na ce wa ya ba ta izinin ajiye shi, wa ya ba ta izinin nuna wa mai tabarau, me ya hana ta jefa shi a murhu tun shekarar sittin. Na ce ƙa'idarta ta banza ce, na ce ita ba ta haihu ba shi ya sa. Wannan ta ƙarshen ta yi mini ɗaci a baki, na tsaya ina jiran ta rama. Ba ta rama ba. Fiton ƙirjinta kawai, da motsin takardu, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya a hankali.

"Me kike tsoron ta gani?" ta ce.

"Tambaya ce wannan? Uwarta tana shirin jefa ta daga bene!"

"Mhm."

Wannan mhm ɗin, shekara biyu na sha shi, ya fi allura shiga jiki. Na zuba wa rufi ido. Sai na ji kaina ina cewa ba jefawar ba ce. Tsorona kar ta ce ban so ta ba. Na so ta har ba na iya barci, ina tashi in sa kunne a hancinta. Tsorona kar in an haifi jikan nan ta riƙa miƙo mini shi tana kallon hannuna. Kar mijinta ya ce, kada a bar yaro da Mama ita kaɗai. Na ce ko Bandi ya mutu bai sani ba, shekara ashirin da uku yana kwana kusa da ni yana tsammanin na iya guga.

Motsin takardun ya tsaya. Sai na ji fensir na tafiya a kan takarda, ƙir, ƙir, da kyar, kamar da can in na faɗi abin da ya shiga kunnenta. Na ji sanyi a raina. Na ce, to, yanzu na faɗi mai muhimmanci.

Na ci gaba. Na ba ta labarin Talata, da burodin, da katin gayyata, da tambayar da Anikó ta yi mini, da amsar kaza da na ba ta. Ina cikin maimaita amsar sai na ga fuskar yarinyar a idona, yadda take juya cokali a kofin da ba sukari, yadda ta ƙi kallona.

"Wayyo Allah," na ce. "Likita, ita ma tsoro take ji. Ba labarina take tambaya ba. Zuwa ta yi ta faɗa mini, na toshe mata baki da kaza."

Shiru.

"A hawa na bakwai suke, Likita. Maƙwabtansu ko gaisawa ba sa yi. In abin nan ya zo mata, wa zai ce ta zo ta yi guga?"

Shiru. Ban damu ba, haka take yi. In ka kawo babbar magana, a nan take barin ka da ita. Na share hawaye da gefen riga na ce to in faɗa mata ne? Da bakina, a kicin ɗina, ba a bangon kasuwa ba? Na ce ban san ta inda zan fara ba. Na gwada yadda zan ce, na rushe, na sake gwadawa. Na yi ta magana, har na yi dariya a wani wuri, na ce kin ga, Likita, har yanzu ni ke aikin ke kina zaune.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin in lura agogon ya yi ƙara. Tik, tik, tik, a fili, kamar an matso da shi kunnena. Na kasa kunne. Kwal na faɗuwa a cikin murhu. A tsakar gida wata na bugun darduma. Fiton nan da na yi wata biyu ina ji ko daga kicin ma, babu shi.

"Likita?"

A shekara biyu ban taɓa juyowa na dubi bayana ba, haramun ne a ɗakin nan. Na kwanta a sandare ina roƙon Allah ya sa in ji mhm. Na ƙirga goma. Na ƙara goma. Sannan na tashi zaune na juya.

Kanta ya ɗan karkata kan matashin hagu, idonta a buɗe rabi, yana wajen agogo. Fensirin ya gangara cikin bargo. Jakar a rufe take, har ta zagaya igiyar sau ɗaya. A samanta takarda ɗaya ce, a kife, tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa, babban yatsanta na danne da gefenta. A bayan takardar akwai sabon rubutu, ya karkace yana gangarowa ƙasa: An mayar wa mai shi. Sai kwanan wata, da sa hannunta, wanda ta kasa ƙarasa harafinsa na ƙarshe.

Ashe abin da take rubutawa ke nan. Don kada Ottó ya ce na sata, don kada mai tabarau ta zo nema.

Na durƙusa na riƙe hannunta, da ɗuminsa. Na kira ta da sunanta, Jolán, abin da ban taɓa yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, kuma har yau yake ci, ban san a kan wace kalma ta tafi ba. Ko ta ji na gano maganar Anikó, ko tun kafin nan ni kaɗai nake zuba. Na yi kuka sosai, irin na mai jin haushi, goshina a kan gwiwarta.

Da na natsu na rufe mata ido, na gyara mata kai a kan matashi, na ja bargon ya rufe hannun. Na zare takardar daga ƙarƙashin yatsanta a hankali. Ban juya ta ba, na san abin da ke ciki. Ya kamata in sauka in buga wa Ottó waya, in buɗe taga, in kira matar mai gadin gida. Na dubi agogon. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in da uku.

Saura bakwai.

Na koma na kwanta a kan jar dardumar, takardar a kife a ƙirjina, hannuwana biyu a kanta. A tsakar gida mai bugun darduma ta gama ta shige. Na gyara murya, na ci gaba daga inda na tsaya, a hankali, ina gwada yadda zan fara gaya wa Anikó.